Zani Mai Kusurwa Uku

Mujitaba ya ja igiyar, doguwar gorar ta tashi a karkace, zanin ya buɗe. Ya kaɗa sau biyu, sannan iska ta cika shi. Jirgin yana kan yashi, amma sai da ya motsa. Masuntan da ke gyaran raga a bakin ruwan Tiga suka ɗaga kai.

"Kyaftin," in ji Mas'ud, "wannan zanin na lefen wa ne?"

Aka yi dariya. Mas'ud sa'ansa ne, tare suka taso kafin a kai Mujitaba makarantar kwana. Shi ya zauna a ruwa. Yanzu yana da jirgi mai inji, da mata, da 'ya'ya biyar.

Mujitaba ya juya ga jirgin. Ya saki igiyar, zanin ya kwanta. Buhunan taki ne goma sha shida, ƙanwarsa Rufaida ta farke su ta haɗa a keken ɗinki, ta karya allura huɗu. Ya zana mata siffar a ƙasa da tsinke: kusurwa uku, gefe ɗaya dogo, tsakiya da ɗan tumbi. Ta ce tunda take ɗinki ba ta taɓa ɗinka abin da ba shi da wuya ba shi da hannu ba.

Shekara biyar ya yi a Iskandariyya ta ƙasar Masar yana karatun jiragen ruwa. Takardar da ya dawo da ita ba ta aiki sai mutum ya yi shekara guda a kan teku, kuma ba kamfanin da ya ɗauke shi ya yi shekarar. Ya aika wasiƙu har ya gaji. Damina biyu ke nan yana gida. Abin da ya rage masa na karatun shi ne aikin ƙarshe da ya rubuta, a kan zannuwan da jiragen dā ke kama iska da su kafin a ƙera inji. Malaminsa ya yaba. Daga nan ba wanda ya sake tambaya.

Yau kwana arba'in da mahaifinsa, Malam Tasi'u, ya daina shiga ruwa. Kafaɗar dama ce. Mai ɗori ya taɓa, asibiti sun ɗauki hoto, duka suka ce a huta. A wannan mashayar kuwa akwai ƙa'ida tun zamanin da aka tare ruwan: kowane gida da wurin da yake kafa raga, kuma wurin da ya yi kwana arba'in jirgin gidan bai je ya kafa ba, Sarkin Ruwa zai ba wani. Jirgin gidan, da ragar gidan. Ba aro, ba a ja ka da igiya.

Wurin Malam Tasi'u yana can kudu maso yamma, tafiyar awa biyu ga mai ƙarfin hannu. Kifi na da kyau a wurin, amma ba shi ne kaɗai dalili ba. A ƙarƙashinsa Tsamiya Biyu take, garin da aka haife shi, wanda ruwa ya ci yana ɗan shekara goma sha biyu. A kan gidan ubansa yake kafa raga, shekara arba'in da wani abu.

Injinsu ya mutu tun bara, ko da yana da rai fetur ya fi ƙarfin kifi. Mujitaba ya gwada tuƙi da filafili sau biyu. Ran farko jirgin ya yi ta juyi da shi a wuri ɗaya, mata masu wanki suna kallo. Rana ta biyu ya yi awa uku bai ci sulusin hanya ba, tafin hannunsa ya fashe, iskar damina ta dawo da shi inda ya taso. Iskar daga kudu maso yamma take zuwa, daidai daga inda yake son zuwa.

Sarkin Ruwa Alkasim yana zaune a kan wani jirgi da aka kife, yana cin goro. Malam Tasi'u ya iso, hannunsa a rataye cikin tsohon rawani, ya durƙusa kaɗan.

"Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Malam Tasi'u. Ya kafaɗar?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi." Sarkin Ruwa ya dubi zanin, ya dubi ruwa. "Ka san ba ni na kafa abin nan ba. Haka na tarar. Mas'ud ya yi magana tun sati biyu, wurinsa ya cike da laka, ga iyali. Na ce ya jira kwanakinka su cika."

"Gaskiyarsa ce."

"In ragarka ta shiga ruwa kafin la'asar, magana ta mutu."

"Za ta shiga, ranka ya daɗe," in ji Mujitaba.

Sarkin Ruwa bai dube shi ba. Da Malam Tasi'u yake magana.

Malam Tasi'u ya zagaya jirginsa a hankali. Bai damu da zanin ba. Ya taɓa sandar itacen turaren da aka kafa a tsakiya, ya ja igiyoyi biyun da suka riƙe ta dama da hagu, ya ji sun ɗaure. Sai ya tsaya a gefen da Mujitaba ya ɗaura wani faffaɗan katako da noti biyu.

"Wannan fa?"

"Ƙafarsa ce, Baba. In mun shiga ruwa zan sauke shi ƙasa."

"Har ina?"

"Kamu biyu."

"Jirgin Tiga taƙi ɗaya yake ci a ruwa. Haka na gan shi, haka na tuƙa shi."

"In babu katakon nan iska za ta tura mu gefe kamar ƙwarya. Shi zai riƙe ruwa, zanin ya ja mu gaba."

"Ka san abin da ke ƙasa?"

"Na duba taswira a ofishin ruwa. Akwai zurfi sosai, ko yanzu da ruwa ya ja."

Malam Tasi'u ya dube shi na ɗan lokaci. Sannan ya ce a ɗora raga.

Rufaida ta kawo fura a jarka da ƙullin ƙuli-ƙuli. Ta miƙa wa Mujitaba, ta rage murya. "Yaya, in ɗinkin ya farke ba laifina ba ne. Zaren da ka kawo na buhu ne."

"Ba zai farke ba."

"Ka dawo mini da Baba."

Suka tura jirgin. Malam Tasi'u ya zauna a goshi, ragar a naɗe a gabansa da gorunan robarta. Mujitaba ya zauna a baya, filafili a hammata yana juya kan jirgin da shi, igiyar zani a ɗaya hannun. Da suka fita daga ciyawa ya sauke katakon, ya ja igiyar. Zanin ya cika. Jirgin ya kishingiɗa kaɗan, ruwa ya fara magana a gefensa.

Dariyar bakin ruwa ta tsaya.

Akwai hanya a ruwan, ko da yake ba a ganinta. Masunta kan sa giginyar mashaya a ƙeyarsu, su sa dutsen nan mai tsaga na can ƙetare a goshinsu, su miƙe. Mujitaba ya sha ganin suna yin haka. Ya ɗauka don ita ce mafi kusa.

Kan jirgin ya kauce daga dutsen, ya nufi yamma.

"Ka bar hanya," in ji Malam Tasi'u.

"Dole ne, Baba. Ba zanin da ke shiga iska kai tsaye. Sai mu yi dama, mu juyo mu yi hagu, kamar jaki mai kaya yana hawan tudu. A hankali za mu ci ta."

"Ba ka faɗa mini haka ba."

"Na ɗauka ba wani abu ba ne."

Malam Tasi'u ya juyo gaba ɗaya. "Hanyar nan da kake gani muna bi, hanyar kasuwa ce. Ta jakuna. Daga ƙofar garinmu take tashi. Ita kaɗai ce babu itace a kanta. Dama da hagu gonaki ne, Mujitaba. Da aka tare ruwa ba wanda ya tsaya sare bishiya."

"Shekara hamsin, Baba."

"Gawo ya ruɓe. Kuka ta ruɓe. Kirya ba ta ruɓewa, marke ma haka. Suna nan a tsaye. Jirginmu yakan bi ta kansu, wani lokaci ka ji sun shafi cikinsa. Taswirarka ƙasa ta auna."

Mujitaba ya dubi ruwan. Ruwan kasa-kasa ne, ba a ganin ko tsawon yatsa. Duk rani an sha sakar wa manoma, ya ja baya fiye da kowane lokaci a shekara. Ya lissafa a ransa. In ya ɗage katakon, iska za ta share su zuwa gaɓar arewa. In ya bar shi, suna tafe da kamu biyu na katako cikin dajin da ba ya gani.

"Mu koma?" ya tambaya.

Malam Tasi'u ya dubi rana. Hantsi ya yi. Ya dubi giginyar, ya dubi dutsen, ya dubi wani ƙaramin tudu a yamma. Leɓensa yana motsi.

"Nan gonar maƙera ce," ya ce. "Babu komai sai kalgo. Ci gaba. In na ce juya, ka juya."

Suka ci gaba.

"Juya. Ɗorawar Malam Ilu na gaba, da marke biyu a bayanta."

Mujitaba ya tura filafilin. Kan jirgin ya shiga iska, zanin ya kaɗa kamar za a yage shi, sannan ya faɗa ɗaya gefen ya kwanta a jikin sanda ya sake cika. Suka ratsa hanyar jakunan, suka shiga gabas da ita.

"Nan fili ne, na ɗan Fulani. Ka more shi."

Jirgin ya yi gudu. Mujitaba ya ji igiyar tana ja a hannunsa kamar abu mai rai, ya ji filafilin yana rawa a hammatarsa. Rabonsa da wannan tun wata Juma'a a kan kogin Nilu, da wani tsoho mai jirgin haya ya bar masa igiya na rabin awa. Malam Tasi'u ya sa hannun hagu a ruwa, ya bar shi yana yankawa.

"Su mutanen can," ya ce, "haka suke yi?"

"Da can. Yanzu sai masu yawon buɗe ido."

"Duk mai kusurwa uku ne?"

"A'a. Na farko mai kusurwa huɗu ne, kamar an shanya bargo. Shi inda iska ta nufa nan yake zuwa. Misirawa sun yi sa'a, koginsu arewa yake gangara, iskarsu kudu take kaɗawa. Su tafi da zani, su dawo da ruwa."

"Allah ya so su."

"Mutanen Sin nasu kamar asabari ne, da sanduna a jere, a naɗe shi a sauke. Akwai wasu masu tsibirai, nasu kamar ƙahon sa, baki a sama. Wannan namu na Larabawa ne. Da shi suke zuwa Indiya su dawo."

"Suna shiga iska kamar yadda muke yi?"

"Ba sosai ba. Yawanci jira suke yi. Iskar tekunsu wata shida take yi tana zuwa, wata shida tana komawa. Sai su zauna a tasha har ta juya."

"Wato su ma jira suke yi."

"Wata shida."

"Ni kwana arba'in aka ba ni," in ji Malam Tasi'u. "Juya. Tsamiyar masallacin idi."

Suka juya. Suka sake juyawa. Kowane juyi sai Mujitaba ya duba giginyar ya ga ta ƙara ƙanƙancewa. Suna cin hanya, kaɗan-kaɗan, amma suna ci. Malam Tasi'u bai zauna daidai ba kuma, ya durƙusa a goshin jirgin yana nuna ruwa da haɓa. Kanyar da suke jifa in an taso daga makaranta. Maɗacin da aka ɗaure mahaukacin raƙumi. Kiryar da tsawa ta raba biyu ranar sunan ƙanwarsa. Tun da Mujitaba ya dawo bai ji mahaifinsa ya yi magana mai tsawon haka ba. Sau ɗaya wani abu ya goge katakon, jirgin ya yi ƙugi ya wuce.

"Reshen giginya ne?"

"Giginya ba ta da reshe, Kyaftin," in ji Malam Tasi'u. Shi ne karo na farko da ya kira shi haka, kuma da murmushi.

Can baya, nesa, akwai ƙarar inji. Tana tashi tana mutuwa. Mas'ud ne yake bin su a kan hanyar jakuna, yana kashe injin yana jira, don kada ya ƙona mai a banza.

Rana ta take tsaka, ta fara karkata. Suka sha fura ba tare da sun tsaya ba. Bayan azahar Malam Tasi'u ya nuna gaba. Wata farar jarka tana lilo a kan ruwa, ɗaure da dutse a ƙasa. Alamar wurinsa ce. Mujitaba ya auna da ido: juyi biyu, ko uku in iska ta yi gardama.

"Yamma ko gabas, Baba?"

"Gabas akwai maƙabarta, itace ya yi yawa. Yi yamma."

"Akwai wani abu?"

Malam Tasi'u ya dubi tudun, ya dubi dutsen. Ya ɗan daɗe.

"Ban tuna komai a nan ba. Ci gaba."

Iska ta ƙaru. Jirgin ya kishingiɗa sosai, Mujitaba ya koma gefen sama ya danne shi da nauyinsa. Bai taɓa gudu haka ba. Yana shirin cewa wani abu sai katakon ya daki abin da ke ƙasa.

Jirgin ya tsaya cak, gindinsa ya juya. Iska ta faɗo wa zanin ta baya, gorar ta zagayo da ƙarfi, igiyar hagu ta tsinke. Sandar turaren ta karye daidai inda ta shiga mazauninta, ta faɗa ruwa da zanin duka. Gefen jirgin ya nutse, ruwa ya kwararo. Malam Tasi'u ya faɗi a kan kafaɗar dama, bai yi ƙara ba. Ragar ta zame daga gabansa, ta bi gefen da ya nutse, ta tafi.

Mujitaba ya faɗa ɗaya gefen, jirgin ya dawo daidai da ruwa har idon sawu. Ya kama mahaifinsa.

"Baba!"

"Raga," in ji Malam Tasi'u. "Kama raga."

Gorunan robar suna nan a saman ruwa, a cakuɗe. Mujitaba ya kama igiyarsu ya ja. Ba ta zo ba. Ya ja da ƙarfi, ya ji tana yagewa a ƙasa, ido bayan ido. Abin da ya fito hannunsa bai kai tsawon zanin ɗaurawa ba, da wani baƙin reshe a maƙale, mai tauri kamar ƙarfe.

Malam Tasi'u ya karɓi reshen da hagu, ya juya shi.

"Kirya."

"Ta wa ce?"

"Ban san ta ba." Ya dubi tudun, ya sake duban dutsen. Ya ci gaba da juya reshen har Mujitaba ya fara kwarfe ruwa da yankakkiyar jarka. Sannan ya ce, "Gonar Gwaggo Lubabatu ce nan. Tana da kare. Wani ja, mai yankakken kunne. Ba yaron da ke shiga."

Mujitaba ya ci gaba da kwarfa. Inda notin ya riƙe katakon, allon jirgin ya tsage tsawon hannu. Ya yago bakin zanin ya cusa a tsagar da wuƙa. Katakon ya shige tsakanin rassa biyu, ya riƙe su a wurin kamar akuya a turke. Farar jarkar tana can gaba. Da mutum zai yi kira daga wurinta, da sun ji.

Ƙarar inji ta matso. Mas'ud ya bar hanya, ya kashe injin ya ɗage shi sama, ya ƙaraso da filafili, jirginsa yana bi ta kan rassan ba abin da ya taɓa shi. Bai yi wasa ba wannan karon.

"Sannu, Baba. Sannu. An ji ciwo?"

"Wanda na zo da shi ne."

Mas'ud ya dubi guntuwar ragar, ya dubi rana. Ya share fuska da hularsa.

"Baba, akwai raga a jirgina. Sabuwa ce, ba wanda ya san ta. In ja ku zuwa can, mu kafa, in ce na tarar kun kafa. Daga ni sai ku sai Allah."

"Ka sa Allah a ciki, sannan ka ce ba wanda ya sani."

"Baba, ni ban ce sai na karɓa yau ba. Wallahi da wurina bai cike ba..."

"Na sani."

"Ka karɓa, Baba," in ji Mujitaba. "Ka ba ni kwana uku. Zan gyara. Zan rage katakon."

"In ka rage shi zuwa taƙi ɗaya, zai shiga iska?"

Mujitaba ya dubi tsagar.

"Ina tambayarka. Kai ka yi karatun."

"A'a."

"In muka bi hanyar jakuna sak, zanin zai ja mu?"

"A'a. Sai iska ta juya."

"Yaushe?"

"Bayan kaka."

Malam Tasi'u ya gyaɗa kai. Ya gyara rawanin da ke riƙe da hannunsa, ya ɗaure shi da haƙori. Fuskarsa ta yi fari-fari, amma muryarsa ba ta canja ba.

"Mas'ud, matso."

Mas'ud ya kama gefen jirginsu.

"Jarkar can a kan rijiyar gidanmu take. Ragon ruwa yana kwana a bakinta. Ka kafa gabas da ita, daga kudu zuwa arewa. Kada ka kafa yamma, akwai katangar dutse ta turken shanu, za ta ci maka raga. In ruwa ya cika, ka matsa taku talatin kudu, nan ne ƙofar gida, karfasa na bi ta nan. Kana ji?"

"Ina ji, Baba."

"Ranar Juma'a ba na kafawa a wurin. Kakata na kwance a bayan ɗaki. Kai ba dole ba ne."

"Ba zan kafa ba."

"To."

Mas'ud ya sunkuyar da kai. "Bari in ja ku gida."

"A'a. Je ka duba wurinka."

Mas'ud ya saki gefen jirgin. Ya yi tuƙi a hankali zuwa wajen farar jarkar, bai tayar da injin ba.

Mujitaba ya kwance notin biyu. Na biyun ya lanƙwashe, sai da ya buge shi da gindin wuƙa. Katakon ya saki jirgin, ya zauna a cikin kiryar, bakinsa kaɗai a waje. Nan da nan iska ta fara tura su. Ya jawo zanin daga ruwa, da nauyi kamar gawar tunkiya. Kusurwar sama ta yage ta tafi, gorar ta rabe biyu. Ɗinkin Rufaida bai farke ko ɗaya ba, buhun ne ya yage.

Ya yanke abin da ya lalace. Abin da ya saura kusurwa huɗu ne, ba daidai ba. Ya ɗaure gefe ɗaya a rabin gorar, ɗaya gefen a ɗaya rabin, ya kafa su tsaye dama da hagu, ya ɗaure su a jikin allon zama. Ya yi tuƙi kaɗan da filafili har dutsen mai tsaga ya dawo ƙeyarsu, giginyar ta tsaya a goshinsu, ƙarama kamar allura.

Iska ta cika zanin. Jirgin ya miƙe a kan hanyar jakuna, ba kishingiɗa, ba juyi. Abin da suka hau tun hantsi ya fara wucewa ta gefensu. Malam Tasi'u bai kira sunan ko bishiya ɗaya ba. Yana zaune yana kallon gaba, baƙin reshen a cinyarsa. Mujitaba yana riƙe da filafili da hannu ɗaya, yana kwarfa da ɗaya.

"Wannan wane iri ne?" in ji Malam Tasi'u.

"Na farkon ne. Na Misirawa."

"Yana tafiya kuwa."

Giginyar ta girma. Aka fara ganin jiragen da ke kan yashi, da hayaƙin masu banda kifi. Mutanen bakin ruwa sun hango zani tafe da gudu kafin la'asar, babu mai ja, babu raga a goshi. Suka ɗauka an kafa ta, suka tashi tsaye. Wani ya ɗaga hula yana kaɗawa. Iska tana gaba da sautin, amma Mujitaba ya ga bakunansu, ya san Kyaftin suke kira. Rufaida ta shigo ruwa har gwiwa, tana tafi.

"Ba a rage masa gudu?" in ji Malam Tasi'u.

"Sai dai a sauke shi, Baba."

Malam Tasi'u ya dubi mutanen. Ya dubi Sarkin Ruwa, wanda shi ma ya miƙe daga kan jirgin da aka kife.

"Bar shi," ya ce.